Wai inji ne ke cin gasar ces ko wanda ya zaɓa masa buɗin wasa?

Abdul Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Na haɗa injin ces (chess) biyu, wato manhajojin da ke buga wasan, a laftof ɗina, Stockfish sabo da wani tsohonsa da na daɗe da ajiyewa, na ce su buga wasa 20 daga farkon allo, ban ba su littafin buɗi ba, wato jerin takun farko da aka riga aka shirya. Suka kwana suna yi, bayan sallar asuba na duba, wlh duk kunnen doki in ban da guda ɗaya, kuma abin da ya fi ba ni mamaki kusan rabin wasannin hanya ɗaya suka bi, taku goman farko kamar an yi kwafi. Washegari sai na sa musu jerin buɗi irin wanda aka ɗan karkata wa fari, kowane buɗi a buga shi sau biyu a yi musanyar launi, sai ga sabon ya ci 6 tsohon ya ci 1. Inji dai su ne, laftof ita ce, lokaci bai canza ba. To jama'a in haka ne, idan aka ce wane ya ɗau kofin TCEC, gasar injinan ces da ake yi a intanet, ƙarfinsa ne ya ci ko kuwa hannun wanda ya zaɓi buɗin?

Sadiq Leela:
Wa alaikumussalam Yaya Abdul. Ai kai da kanka ka ba da amsa, buɗin bai ƙara wa sabon ƙarfi ba, fili kawai ya ba shi ya nuna abin da yake da shi

Abdul Fagge:
To ai nan ne matsalar Sadiq. In fili ne ake bayarwa, wa ke zaɓar filin?

Malam Habu:
Wa alaikumussalam. Abdul tambayarka tana da kyau amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya, bari in raba maka su, don ni tun ana kawo mana labarin waɗannan injina a mujalla nake bin su. Akwai gasar da kowane inji ke zuwa da littafinsa na kansa, akwai kuma wadda masu shiryawa ne ke ɗora wa kowa buɗi ɗaya. Ta farkon ita ce gasar duniya da ICGA, ƙungiyar wasannin kwamfuta ta duniya, ta riƙa shiryawa, wadda aka fara a Stockholm a 1974, injin Rasha mai suna Kaissa ya ɗauka. A irin wannan gasa littafi makami ne, kuma ba a ɓoye ba. Kowace tawaga tana da mutuminta da ba shi da aiki sai littafi. Junior na Isra'ila suna da Boris Alterman, Shredder na Jamus suna da Sandro Necchi, Jeroen Noomen ya yi wa Rebel daga baya ya yi wa Rybka. Mutum zai zauna wata da watanni yana bin wasannin abokin hamayya, ya ga a ina littafinsu yake ƙarewa, in ya samu wata hanya da littafin ke kai su ga rami sai ya haƙa ramin ya ƙara zurfi ya rufe da ganye. Ranar gasa injinka yana ta zuba taku nan take ba ya ko tunani, agogonsa bai motsa ba, na wancan kuma ya fita daga littafi ya fara ƙona lokaci a wurin da ya riga ya lalace. Kuma gasar ba ta da tsawo, wasanni 'yan kaɗan ne cikin 'yan kwanaki, wasa ɗaya da aka ci a gida tun kafin a zo zai iya raba na ɗaya da na uku. To a nan maganarka gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abdul Fagge:
Allah ya ƙara sani Malam. To ta biyun fa?

Malam Habu:
Ta biyun sai in bar wa Injiniya, ta fi ni bin TCEC, ni idona ba ya jure kallon dare yanzu.

Injiniya Zainab:
Malam ina wuni, Allah ya ƙara lafiya. Abdul a TCEC ba a yarda inji ya zo da littafinsa ba. A babban fainal wasa 100 ake yi, buɗi 50, kowanne sau biyu, yau kai ne fari gobe kai ne baƙi a daidai wurin da aka tsaya. Shi ya sa masu bin abin ba sa ƙirga wasa ɗai-ɗai, tagwaye suke ƙirgawa. In ka ci da fari sannan ka tsira da kunnen doki da baƙi, ka ci tagwayen. In kowa ya ci da fari to buɗin ne ya ruɓe, ba wanda ya koyi komai. In duka biyu kunnen doki ne, buɗin ya yi sanyi. Gwanintar mai zaɓe ita ce ya samo wurin da ke bakin gaɓa, wanda mai ƙarfi zai iya ci mai rauni kuma ba zai iya ba. Kuma ka lura, Jeroen Noomen ɗin nan da Malam ya ambata shi ne ya daɗe yana zaɓar buɗin babban fainal, daga baya gwani Matthew Sadler na Ingila ya shigo suka riƙa yi tare. Wato mutumin da a da yake haƙa wa abokin hamayya rami shi ne daga baya ya koma share fili wa kowa

Sadiq Leela:
Yauwa Anti. Adalci kenan, abin da aka ba ka shi aka ba ni

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri in sa baki. Sadiq adalci ne a takarda, amma ni ban gamsu ba. Mu nan da muke kallon kokawa kowace shekara mun san akwai ɗan kokawar da in aka fara daga nesa ana zagaye ba mai kama shi, akwai kuma wanda in aka riga aka sarƙe hannu to ka kaɗe. In alƙali ya ce duk karawa daga sarƙe za a fara, kowa an ba shi riƙo iri ɗaya, amma ai ka san wa aka yi wa gata. Haka injin nan Leela da Stockfish suke lokacin da suka fara haɗuwa. Leela ta fi jin daɗin rufaffen wasa, inda sojoji suka cushe a tsakiya ana dogon shiri, Stockfish kuma ya fi son a buɗe ƙofa a yi lissafi mai zurfi. To in mai zaɓe ya ƙara rufaffun buɗi irin French da King's Indian guda biyar ya rage masu zafin lissafi guda biyar, ba tare da ya yi niyyar cutar kowa ba, ai ya taɓa sakamako

Abdul Fagge:
Wannan ita ce maganata Ɗan Maraɗi!! Allah ya biya ka. Ku duba fainal ɗin TCEC na kaka ta 14 a farkon 2019, Stockfish 50.5 Leela 49.5. Cikin wasa 100 Stockfish ya ci 10 Leela ta ci 9, sauran 81 canjaras. Wasa ɗaya tak ya raba su. Wa zai rantse min cewa da an canza buɗi biyu ko uku cikin 50 ɗin nan kofin ba zai sauya hannu ba?

Sadiq Leela:
Ba wanda zai rantse, amma ai bayan 'yan watanni a kaka ta 15 Leela ta ci 53.5 da 46.5, ci 14 da 7. Wannan ma buɗi ne? A'a Yaya, ƙarfi ta ƙara. Ni na kalli wannan fainal ɗin a waya, ina kwance a tsakar gida saboda zafi, data tana ƙarewa ina sayen wata, ma'aunin Leela ya haura sama na Stockfish yana nan a sifili yana cewa ba komai, sai bayan taku ashirin ko talatin ya farga an riga an ɗaure shi. Sannan a juya launi Stockfish ya riƙe farin a wuri ɗaya ya kasa yin komai da shi. Wannan ba mai zaɓen buɗi ba ne ya buga masa

Injiniya Zainab:
Ku biyun duk kuna da gaskiya amma ba a wuri ɗaya ba. In tazara tana da faɗi buɗi ba ya juya sakamako, sai dai ya faɗaɗa ko ya matse lambar. In tazara ƙarama ce kamar ta kaka ta 14, to komai ma zai iya juyawa, buɗi, ƙarfin na'urar da aka ba kowa, tsawon lokaci, har sa'a. Wasa 100 ba su isa su raba inji biyu da ke kusa da juna ba. Shi ya sa masu gina Stockfish a Fishtest, dandalinsu na gwaji, suke buga dubun dubatar wasanni kafin su karɓi gyara ɗaya, kuma su ma da tagwaye suke lissafi, suna amfani da jerin buɗi mai suna UHO na Stefan Pohl, wanda ya tsamo daga wasannin mutane inda fari ya ɗan samu fifiko. Abdul ina jin irinsa ka sa a gwajinka ko?

Abdul Fagge:
Shi ne Injiniya, UHO na sauke

Injiniya Zainab:
To ka gani. Kuma tun Stockfish 15.1 sun daidaita ma'auninsa, in ya nuna +1.00 ma'anarsa damar cin wasan rabi da rabi ce in inji ne da inji. Masu zaɓen buɗi kusa da nan suke farauta. Ƙasa da haka sosai barci za ka yi, sama da haka sosai kowa zai ci da fari.

Bashir Gombe:
Ni fa abin nan gaba ɗaya bai kwanta min ba. Ces daga taku na ɗaya yake farawa. In inji ya san King's Gambit ba ta da kyau kuma shi da kansa ba zai taɓa buga ta ba, don me za a tilasta masa? Sanin abin da za ka guje wa ai shi ma ƙarfi ne. Mutum in ya je gasa ba wanda ke ce masa dole yau Benoni za ka yi. Abin da ake aunawa yanzu shi ne wa ya fi iya fita daga rijiyar da aka jefa shi, ba wa ya fi iya ces ba

Malam Habu:
Bashir ɗana, na fahimce ka, kuma da zuciya ɗaya nake tare da kai a rabin maganar. Amma ka tuna gwajin Abdul na daren farko. Injinan yanzu in ka sake su daga farko buɗin Berlin za su shiga ko wata hanya ta Queen's Gambit da aka tatse ta tas, su yi musayar kaya su tashi. Ka san Berlin ɗin nan ita gwani Kramnik ya kafa wa Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a Landan a 2000, Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba a duk karawar. In mutum ya iya rufe ƙofa haka da ita, ina ga inji. Za ka samu wasa 100 kunnen doki 100, sai a ba wa kofin?

Bashir Gombe:
Sai a ce sun yi daidai Malam, in gaskiyar kenan

Sadiq Leela:
Amma ba gaskiyar ba ce ai, tunda da aka canza fili ɗaya ya lallasa ɗaya. Ƙarfin yana nan, allon farko ne ba ya iya nuna shi

Ɗan Maraɗi:
Malam tunda ana maganar littafi a tuna mana da Deep Blue mana, injin IBM da ya kara da Kasparov, ni ina yaro lokacin a rediyo kawai na ji

Malam Habu:
To. 11 ga Mayu 1997 a New York, wasa na shida kuma na ƙarshe, an shigo kowa yana da 2.5. Kasparov yana da baƙi ya buga Caro-Kann, wadda ba ita ce abincinsa na kullum ba. A taku na bakwai ya tura h6, Deep Blue nan take ya jefa doki a e6, ya ba da shi sadaka. Wannan sadaukarwa sananniya ce a wurin gwanaye tun kafin ranar, kuma tana cikin littafin da aka shirya wa injin, ga su Joel Benjamin da Miguel Illescas a tawagar IBM. Injinan wancan zamani in ka bar su da kansu suna da rowar kaya, ba su cika yarda su ba da doki don matsayi ba. Sarkin Kasparov ya maƙale a tsakiya a d8, kayansa suka cushe, taku 19 ya miƙa wuya. 3.5 da 2.5. Na sa wannan wasan a allo na katako ya fi sau ashirin ina nuna wa ɗalibai, duk lokacin da na ɗaga dokin nan na ajiye a e6 sai in ce musu ku duba da kyau, wannan hannun mutum ne a cikin rigar inji. Ban ce Deep Blue ba shi da ƙarfi ba, bayan littafi ya ƙare shi ya ƙarasa aikin kuma ya ƙarasa da kyau. Amma wasan da ya yanke hukunci a karawar da duniya ta fi tunawa, a buɗi aka karya shi.

Injiniya Zainab:
Kuma mutane sun ɗau darasi. Da Kramnik zai kara da injin Deep Fritz a Bonn a 2006 sai da aka sa a sharaɗi cewa muddin injin yana cikin littafi Kramnik zai riƙa ganin allon kwamfutar, ya ga hanyoyin da ke ciki. Duk da haka Fritz ya ci 4 da 2

Sadiq Leela:
Wanda Kramnik ya bari aka yi masa mat, wato aka kashe sarkinsa, a taku ɗaya ba? wannan kam ba ruwan littafi

Injiniya Zainab:
Shi fa, wasa na biyu. Gajiya ce irin ta ɗan Adam, Allah ya kyauta.

Abdul Fagge:
To ga AlphaZero ma, injin kamfanin DeepMind. Disamba 2017 aka ce ya ci Stockfish 8 wasa 28, kunnen doki 72, bai faɗi ko ɗaya ba, duniya ta ɗauka. Amma Stockfish ba shi da littafi a karawar, kuma minti ɗaya aka ba kowane taku. Shi AlphaZero ai buɗinsa yana cikin kansa, ya buga da kansa miliyoyin wasanni ya koya, wato ya zo da littafi a ƙwaƙwalwa shi kuma wancan an tura shi hannu rabbana. Gwani Nakamura ya yi ƙorafi a kan haka, Tord Romstad na Stockfish shi ma ya yi magana kan tsarin lokacin

Sadiq Leela:
Yaya ka ƙarasa labarin mana. A Disamba 2018 DeepMind sun fitar da cikakken sakamako, wasa 1000, ci 155 faɗuwa 6, da lokaci mai tsawo awa uku kowa. Sun kuma gwada da buɗin TCEC na 2016, sun gwada da Stockfish mai littafi, duk AlphaZero ne a sama

Abdul Fagge:
Na sani, ban musa ba. Amma ka duba 28 cikin 100 da 155 cikin 1000 ba ɗaya ba ne, kuma an fara ganin yana faɗuwa. Sharaɗi ya canza lamba ta canza

Ɗan Maraɗi:
Abin da Abdul ya faɗa na littafi a ƙwaƙwalwa shi ya fi ɗaukar hankalina. Kenan yanzu ko an hana littafi ba a hana ba, tunda tun 2020 da Stockfish ya ɗauki NNUE, tsarin auna matsayi ta hanyar koyo, shi ma abin da ya koya daga tarin matsayi yana cikin cikinsa. Layin da ke tsakanin shiri da tunani ya dushe

Injiniya Zainab:
Da ɗan bambanci Ɗan Maraɗi. Littafi jeri ne, in ka kauce masa da taku ɗaya ya ƙare, inji ya koma kansa. Abin da ke cikin NNUE ko cikin Leela kuwa ji ne na matsayi, ko ka kai shi inda bai taɓa gani ba yana da abin faɗa. Shi ya sa ni na fi ganin gwajin gaskiya a Chess960, tsarin da Fischer ya gabatar a 1996 inda ake hargitsa jerin manyan kaya a layin baya. Ba littafin mutane, ba tarihi. TCEC suna yin gasarsa daban. Bashir ina ga wannan zai fi kwanta maka, tunda daga taku na ɗaya ake farawa

Bashir Gombe:
Ya fi kam. Amma shi ma ai wani ne ko ƙuri'a ke zaɓar jerin, kuma wasu jerin sun fi wasu daɗi ga fari. Dai dai, na yarda ya fi a jefa ni cikin Benoni da ta riga ta karkace

Malam Habu:
Wani abu da ban so a manta, buɗin da ake tilasta wa injinan nan mu ne muke cin riba. Ni mai King's Indian ne tun ina saurayi, shekaru ana ce min inji ya kashe ta. Da ba don ana ɗora musu ita dole ba da ban taɓa ganin yadda mai ƙarfi irin wannan ke kare ta da baƙi ba. Akwai dabarar da na gani a irin waɗannan wasanni, tura sojan gefe na h har ya je ya tsaya a hancin sarki, na kai ta kulob ɗinmu na ci wani abokina da ya shekara yana dukana. In aka bi ta Bashir ba za mu ƙara ganin King's Indian ko Dutch a hannun inji ba har abada.

Bashir Gombe:
Wannan kam gaskiya ne Malam, ban kalle shi ta nan ba. Amma sai a riƙa faɗa a fili, a ce zakaran wannan jerin buɗi a wannan na'ura, kada a ce zakaran ces kawai

Abdul Fagge:
Bashir nan muka haɗu. Ni ban ce ana maguɗi ba, Allah ya sani, kuma jerin buɗin ba a ɓoye yake ba kowa yana iya saukewa bayan gasa ya gwada. Abin da nake so shi ne in mun kawo sakamako nan gurup mu riƙa haɗawa da wane littafi aka yi, taku nawa ne zurfinsa, tagwaye nawa aka ci. Ko CCRL da ke jera ƙarfin injina suna da ƙa'idarsu ta littafi na gama-gari da ba ya wuce taku 12, shi ya sa lambarsu ba ta zama ɗaya da abin da ake gani a fainal ɗin TCEC ba

Injiniya Zainab:
Abdul in za ka maimaita gwajin ka ƙara yawan wasa, 20 sun yi kaɗan sosai. Ka rage lokaci ka yi ko 200, ka raba gida biyu, 100 da rufaffun buɗi irin French da King's Indian, 100 da buɗaɗɗu irin Sicilian masu zafi, kuma wannan karon ka sa Leela a ciki mu ga maganar Ɗan Maraɗi ko har yanzu tana nan. Sai dai Leela tana son katin hoto mai ƙarfi, laftof ɗinka yana da shi?

Abdul Fagge:
Babu Injiniya, kuma wuta ma ba ta tsayawa, daren jiya sau biyu aka ɗauke batir ya mutu a tsakiyar wasa

Sadiq Leela:
Yaya Abdul ka turo min fayil ɗin buɗin ta wasap, akwai kwamfuta mai kati a shagon yayana kuma suna da sola, zan roƙe shi ya bar min ita daren Juma'a da na Asabar

Ɗan Maraɗi:
Ni zan zaɓo rufaffun guda 50, Bashir ya zaɓo buɗaɗɗun, kada mutum ɗaya ya zaɓi duka

Bashir Gombe:
Na karɓa. Zuwa Alhamis in sha Allah zan turo nawa

Malam Habu:
Ɗan Maraɗi ka sa min King's Indian ko guda biyar a cikin naka, wadda fari ke rufe tsakiya da d5. Sadiq kuma in an gama kada ka turo lamba kaɗai, ka haɗo da wasannin in sa su a allo.